Kujerar Gidan Gaba

A zauren gidana da ke Limawa akwai wata baƙar kujerar mota, fatarta ta tsattsage har soso ya leƙo. Na ɗora ta a kan bulo don kada ta kife da mutum. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaye ni daga ina na samo ta, ni kuma sai in ce tsohuwar kujera ce kawai, in sako zancen damina. Ba na son ba da labarin da baki, domin duk sa'ad da na fara, dariya ake yi tun ban kai rabi ba. Ni kuwa har yau abin bai zame mini abin dariya ba.

Kujerar ta motar taubashina ce. Mahaifinsa wan mahaifiyata ne. Su masu shanu ne a wajen Jahun, mu kuma manoma ne a ƙasar Buji, domin Inna Bafillatana ce da ta auri manomi. Shi ya sa tun muna yara yake kirana Kaɗo, wani lokaci ya ce bawansa, tunda ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Ni kuma in ce masa baƙauyen da bai san daɗin miya ba sai nono. Wanda ya tashi da taubashi ya san ƙa'idar wasan. A faɗa maka abin da aka ga dama, a fizge maka hula a bainar jama'a, ba ka da ikon yin fushi. In ma ka yi fushin, sai a ce wasan ne ya yi armashi.

Da aka ba mu jiha aka mai da Dutse babban birni, sai aiki ya haɗa mu a garin. Ina koyarwa a firamare, shi yana akawu a wata ma'aikata. Dutsen lokacin ba wani gari ba ne. Ofisoshi a gidajen haya suke, rabin ma'aikata daga Kano suke zuwa da safe su koma da yamma, awaki na kwance abinsu a kan sabuwar kwalta. Muka kama ɗakuna a gida ɗaya. Ina da wani tsohon babur, shi ko keke ba shi da shi. Kullum da safe ni nake kai shi ofis, yana bayana ya riƙe mini riga, yana zagin tuƙina. Ina so a riƙe wannan da kyau: shi ne a baya.

Sai Allah ya yi wa Kawu rasuwa, aka raba gado, shanu masu yawa suka faɗo a rabonsa. Kowa ya zaci fili zai saya, ko ya bar su a ruga su ci gaba da haihuwa. Sai kawai ya kora bijimai kasuwa, ya ɓace kwana da kwanaki, ya dawo daga Kwatano da mota.

Ja ce wur, ƙofa biyu, gajeriya har kana cewa cikinta zai goge ƙasa. Fitilunta na gaba a ɓoye suke, sai an kunna su ɗago kai. Ranar da ya shigo da ita Limawa, yara har ƙofar gida suka rako shi da ihu, mata na leƙe ta katanga. Ina zaune ina wanke fulogin babur ɗina a gwangwani. Na ɗaga kai na gan ta, wani abu ya tokare ni a ƙirji. Kishi ne, ba wani abu ba. Tare muka yi kiwo, tare muka sha bulala a makarantar allo, na fi shi karatu nesa ba kusa ba, amma ubansa shanu ya bar masa, nawa uban kuwa gona da jaki.

Na ce, "Yanzu shanun Kawu ka sayar ka sayo wannan akwatin ashanar?"

Ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar daga ciki. Ya ce, "Dalla shigo, Kaɗo. Ai ba a barin bawa a ƙasa ubangida na mota, sai a zage ni."

Na shiga. Ni mutum ne mai jiki tun ina saurayi, sai da aka ja kujerar baya har ƙarshenta sannan tumbina ya samu wuri. A nan ta maƙale, ba ta ƙara motsi ba. Kujerar baya kuwa ta yara ce ko kwandon kaji, babba ba ya shiga. Ashe motar ta mutum biyu ce, kuma na biyun ni ne.

Wannan ne ya kwantar mini da zuciya, ko in ce ya danne abin. Motar ba tawa ba ce, amma gidan gaba nawa ne, kowa ya sani. Hulata ta ajiya tana cikin aljihun gaban, da gorona, da kasa-kasaina na wa'azi da na waƙa. Fatar kujerar ta lotsa daidai da zamana. Ranar Juma'a mu nufi Buji mu gai da Inna, ta fito har bakin hanya tana cewa ya bi da ni a hankali. Wani satin mu wuce Jahun, mu dawo da ƙwaryar nono ina rungume da ita a cinya. A kan kujerar nan na je zance har na auri matata, kuma ban ga laifina ba da ban yi saurin gaya wa ƙannenta ko motar waye ba. A gari "masu jar mota" ake ce mana. Wannan "masu" ɗin ya fi mini albashina daɗi.

A bayan gari akwai wani fili da wani kamfanin hanya ya baje ya ajiye kayan aikinsa, da ya gama ya kwashe ya tafi. Jar ƙasa ce dandaƙaƙƙiya, shimfiɗe har gindin duwatsu. Wasu samari 'ya'yan 'yan kasuwa daga Kano suka gano shi, suka fara zuwa ran Lahadi bayan La'asar da motocinsu. Suka jera tsofaffin tayoyi da ganguna suka fitar da da'ira, suna tsere. Mu kallo muka je. Amma taubashina ya tsaya yana ta kaɗa makulli a yatsa, na san ba za a daɗe ba. Kafin in ankara mun shiga layi, ina ciki, na ƙanƙame ƙofa ina salati.

Mu muka zo ƙarshe, kuma ba da ɗan kaɗan ba.

Muna fitowa sai ga wani dogo siriri ya fito daga cikin 'yan kallo, hannunsa baƙi ƙirin da baƙin mai. Bakanike ne a tashar Jahun, motocin haya yake gyarawa, Injiniya ake ce masa ko da yake ban taɓa ganin takardar da ta ba shi sunan ba. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan ya danna can, ya sa a buɗe masa inji ya saurara. Sannan ya dube ni daga hula har takalmi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan lafiyarta ƙalau. Kaya ne suka yi mata yawa."

Wurin ya kaure da dariya. Taubashina har da riƙe ƙofa don kada ya faɗi. Da shi ne ya faɗa, da na rama nan take, da wadda ta fi ta zafi. Amma wannan ba taubashina ba ne, ba abokin wasana ba ne ta kowace fuska. Daga ranar na ƙi jinin mutumin nan, kuma ban taɓa ganin dalilin da zai sa in daina ba.

Sati bai zagayo ba Injiniya ya tattaro akwatin sifanunsa ya tare a wani gareji a Dutse, ƙarƙashin wata darbejiya. Ya ce in ana son motar ta yi tsere da gaske, sai an rage mata duk abin da ba gudu yake yi ba. Aka fara da kujerar baya, ban damu ba. Aka cire kafet, aka cire tayar safaya da jak. Aka yaye rufin ciki da labulen ƙofofi har ƙarfe ya fito tsirara. Aka cire na'urar sanyi. Kullum na biyo daga makaranta sai in tarar tsibin kayan da ke gindin darbejiyar ya ƙaru, motar tana ta komawa kamar kazar da ake figewa. Ranar da aka zare rediyo, da kaset ɗina a ciki aka zare, sai a cikin tsibin na tsinto shi, zarensa ya warware.

Na ce, "Ɗan kawu, kai da kuɗinka ka sayi mota don ka mai da ita gwangwani?"

Ya ce, "Kai manomi me ka sani? Ko doki in za a yi sukuwa ai ba a ɗora masa mangala."

Bayan ragi sai ƙari. Aka yanke sifirin aka ƙara durƙusar da ita ƙasa. Aka sayo faffaɗan tayoyi daga Kano. Aka datse salansa aka sa wani guntun bututu, in an tayar da ita jarirai su farka a Limawa, har sai da mai unguwa ya aiko. Lokacin kuma ana wahalar mai, gidajen mai a bushe, sai galan-galan a hannun 'yan bumburutu. Akwai ranar da taubashina ya zo da tiyo ya zuƙe man babur ɗina tas yana dariya, ya ce dukiyar bawa ta ubangidansa ce. Da ƙafa na tafi makaranta. Wannan bai ɓata mini rai ba, wasa ne, na saba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne sanin wanda za a ɗauka da man.

Domin tuni sun zama abu ɗaya shi da Injiniya. Ya taso daga ofis ba ya biyowa gida, sai gareji. Ya tuɓe rigar aiki ya rataye a reshe, su duƙa a kan kafireta kai da kai, suna wani yare da ban iya ba. A nan suke cin abinci a kwano ɗaya. Matata ta zuba masa tuwo kamar kullum, ya kwana a rufe. Kada kuma a ɗauka Injiniya wani gwani ne da ba ya kuskure. Akwai ranar da ya cire fankar inji, wai iskar gudu ta isa, motar ta tafasa a hanyar Buji sai da aka janyo ta da igiya. Na ji daɗi ranar, har ƙarin tuwo na yi. Na zauna ina jiran in ga an sallame shi. Sai na tarar da su washegari suna mayar da fankar suna dariya. Da ni ne na yi wannan ɓarnar, da har jikokina sai sun ji labari.

Wata ranar Asabar muka fita gwaji, ina kujerata. Muka kai bakin filin sai ya taka birki.

Ya ce, "Kaɗo, ɗan sauka Injiniya ya shiga ya ji ƙarar injin."

Tun da aka sayi motar ba a taɓa ce mini in sauka ba. Na sauka. Na tsaya a rana ina kallo suna zagayawa. Da suka gama na koma na zauna, sai gwiwoyina suka daki gaban motar. Ashe Injiniya ya ɗiga wa mariƙin kujerar mai, ya janyo ta gaba daidai da jikinsa. Kujerar da ta shekara a maƙale don ni. Na ja ta baya da ƙarfi har ta yi ƙara, ba wanda ya ko waiwayo.

Ana haka wata Lahadi motar ɗaya daga cikin samarin Kano ta ƙwace a kwana, ta yi ta juyi har ta tsaya a kan rufinta. Da ƙyar aka zaro shi, rufin ya lotsa har kan sitiyari, Allah ya sa da sauran kwana, karaya kawai ya samu. Taubashina ya daɗe a tsaye yana kallon motar nan. A satin suka sayo bututan rijiyar burtsatse, mai walda ya lanƙwasa su ya ƙera keji a cikin jar mota. Aka cire gilasai aka sa raga. Aka samo hular kwano, aka samo ɗamarar ɗaure kaya ta manyan motoci aka yi wa direba majanyi. Fitilun nan masu ɗago kai, waɗanda yara ke bi don su gani, aka cire aka toshe gurbinsu da fallen ƙarfe. Lamba ma aka kwance. Ta daina hawa titi, sai dai a bi da ita ta bayan gari.

Duk wannan na haɗiye. Sai ranar da na taso daga makaranta na tarar da ƙofar ɓangarena a buɗe, ƙafafun Injiniya a waje, kansa a ƙarƙashin kujerata, yana kwance noti.

Na ce, "Me ake yi haka?"

Taubashina yana zaune a kan taya yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Sauran kayan ne za mu sauke."

Na matsa kusa da shi, na rage murya don kada bare ya ji. Na ce, "Ɗan kawu, ka cire duk abin da ka ga dama ban yi magana ba. Wannan kujerar kada ka cire ta."

"To a ina ka ga ana tsere da fasinja?"

"Ka bar ta ko ba kowa a kai. In ka cire ta, ba za ka ƙara ganin ƙafata a inda motar nan take ba."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Injiniya, ka ji bawana zai yi yaji."

Na ce, "Wallahi ba wasa nake ba."

Ya ce, "Haka ka ce ranar ɗaurin aurenka da na ɗauke maka hula."

Nan ne na gane ba ni da bakin da zan yi masa magana ya ji. Tun muna yara duk rantsuwar da ke duniya mun ƙarar da ita a wasa. In na ɗaure fuska, wasa ne. In idona ya kawo ruwa, wasan ne ya kai inda ake so. Ina tsaye aka fito da kujerar aka jingine ta da darbejiya, na ga inda take, ramukan noti da wani ƙwallon goro da ya bushe. Na hau babur ɗina na tafi.

Watan cika-ciki ne, lokacin da taubasai ke bin juna kuɗin shara. A lokacin na riga na koma gidan da nake ciki yanzu. Washegari da hantsi sai ga mai kura ya yi sallama, da kujerar a ɗaure a kan kurarsa. Ya ɗaga murya yadda duk layin za su ji, ya ce an ce a kawo wa Kaɗo, kuɗin sharar bana ke nan, kada ya ƙara tambaya. Maƙwabta suka fito suna ta dariya. Matata ta yi dariya har da zama a ƙasa. Kowa ya ce bai taɓa ganin wasan taubasai mai daɗin wannan ba. Na sa aka shigar da ita zaure, don in na mayar, wani sabon abin dariyar ne.

Na cika alkawarina, ban ƙara zuwa garejin ba, ban ƙara zuwa filin ba. Motar kuwa ta fara ci. Ran Lahadi in iska ta juyo, daga zaurena nake jin kukanta, na san muryarta a cikin sauran. Ran Litinin malaman makarantarmu su tare ni da labari, wai ɗan'uwanka ya sake ba 'yan Kano kashi. A gari aka koma cewa "mai jar mota". Ba wanda ya lura da abin da ya canja sai ni.

Sau ɗaya na kasa daurewa. Na ajiye babur nesa, na hau wani dutse da ke kallon filin, na laɓe. Kafin a fara tsere suna gwaji. Motar ta zo wucewa kamar an harbo ta, na hangi kai biyu a ciki. Injiniya ne a tsugune a inda kujerata take, ya riƙe bututu, sirantakarsa ta ba shi wuri. Ashe ana tsere da fasinja, in dai ba ni ba ne. Na sauko daga dutsen nan a fusace, har na gurje gwiwa ban ji ba.

Na kai ƙara wurin Inna. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin taubasai, ta miƙo mini fura. Shi kuwa bai fasa zuwa gidana ba. Ya shigo ya baje a kan kujerar, ya ce wa matata ta kawo wa ubangidan mijinta ruwa, ya tambaye ni ko yajin bai ƙare ba. Ina amsa masa da baƙar magana, shi yana jin daɗi. Shekaru muka yi a haka. Shi a wurinsa wasa ne mai tsawo. Ni a wurina an kore ni ne, kuma ba a ma yarda an kore ni ba.

Da shari'a ta zo, garin ya canja ɗabi'a. Aka fara magana a masallatai cewa ana caca a filin tsere, kuma gaskiya ne wasu 'yan kallo suna yi. Dattawa suka sa baki. Samarin Kano suka fara ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma masu awon filaye sun fara kafa duwatsun fuloti daga gefe, gari ya biyo. Kowa ya san abin ya zo ƙarshe. Ba zan ɓoye ba, ban yi baƙin ciki ba.

Wata Lahadi bayan Azahar sai ga shi a ƙofar gidana, ɗan acaɓa ya sauke shi. Bai baje a kujerar ba kamar kullum. Ya zaro hankici daga aljihu ya kwance, sai ga notukan kujerar, a goge, da alama an daɗe ana ajiyarsu.

Ya ce, "Ɗauko ta. Yau ce ta ƙarshe, gobe za a shiga da awo."

Na ce, "Na sayar, mai ita bai zo ɗauka ba ne."

Ya sunkuya ya ɗauke ta da kansa. Muka hau babur ɗina, yana baya, ya ɗora kujerar a ka, ɗaya hannun ya riƙe mini riga. Har muka isa bai zagi tuƙina ba.

Filin ba kowa sai Injiniya da wasu tsirarun 'yan kallo. Na ga motar kusa da kusa bayan shekaru. Janta ya koɗe, jikinta duk tabo. Ƙofar ɓangarena an liƙe ta da walda. Suka zura kujerar ta baya, suka juya ta haka, suka juya ta haka, ta ƙi zama. Ashe bayan an cire ta an gitta wani bututu daga rufi zuwa ƙasa, daidai wurin. Taubashina ya ce a yanke shi. Injiniya ya ce da me, a dajin nan? Aka fito da kujerar aka ajiye a ƙasa.

Na ce, "Ka gani ko? Ba ni da wuri."

Ya ce, "Tuɓe babbar rigar."

Ta ƙofar direba na shiga da rarrafe, yana turo ni ta baya, 'yan kallo na ba da shawara. Na zauna a kan wani buhu da aka ninke, ƙarfe na cin ƙuguna, bututun ya danne mini kafaɗa. Ya shigo ya cire hular kwanonsa ya kifa mini. Ya tayar, ƙarar ta shige ni har haƙora. Na riƙe bututu da hannu biyu, na ce yau zan ji abin da Injiniya ya shekara yana ji.

Muka tashi. Muka wuce gangar farko, muka sha kwana. Ina jiran ya taka, bai taka ba. Tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Ko ranar da muka zo ƙarshe mun fi haka gudu.

Na ɗaga murya na ce, "Taka mana!"

Ya yi kamar bai ji ba.

Na ce, "Da shi ai gudu kake. Na gan ku daga kan dutse. Ni ne ban isa ba?"

Sai ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya, motar ta gangara ta tsaya a can ƙarshen filin, inda ba mai jin mu. Ya kashe inji. Bai dube ni ba, gaba yake kallo, hannunsa a kan sitiyari.

Ya ce, "Shi in wani abu ya same shi, zan yi kuka, in je Jahun in yi wa 'yan'uwansa ta'aziyya. Kai in wani abu ya same ka, wa zan je yi wa? Ni za a shimfiɗa wa tabarma a zo a yi wa. Kuma ni zan je Buji in gaya wa Gwaggo."

Na zauna ina jiran dariyar. Kullum akwai dariyar da ke biyo bayan maganarsa, wadda ke nuna an gama, sai ramuwa. Na saurara har na ji injin yana ƙas-ƙas yana hucewa. Ba ta zo ba. Ya tayar da mota, muka ƙarasa zagayen a hankali, aka zaro ni kamar yadda aka cusa ni.

Ya kamata a ce na huce. Kowa ya ji wannan sai ya ce ai shi ke nan, me kuma nake nema? Amma ina gama mayar da rigata Injiniya ya sulale ciki ya tsuguna, taubashina ya karɓi hularsa ya ɗaure majanyi. Na zauna a kan kujerata a tsakiyar fili, a ƙasa. Motar ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ta wuce ta gabana, ta sha kwana gefe-gefe, tayoyin baya na watsa tsakuwa. Na ga bakin taubashina a buɗe yana ihu don daɗi, na ga Injiniya yana dukan bututu da tafin hannu. Idona ya ciko saboda abin da aka gaya mini, ƙirjina kuma yana zafi saboda abin da nake gani. Ni aka fi so, shi aka ba gudun. Da an tambaye ni tun farko, ban san wanne zan zaɓa ba, amma ba a tambaye ni ba.

Kafin Magariba muka ɗaure kujerar a babur muka dawo da ita. Motar ta daɗe a gindin darbejiya kaji na kwana a ciki, daga baya aka sayar da injin ga wani mai niƙa. Filin yanzu unguwa ce, har da makarantar Islamiyya a daidai kwanar da muka tsaya. Injiniya ya koma tasharsa, in mun haɗu muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Taubashina yana nan, gemunsa ya yi fari. Yakan zo ran Lahadi ya zauna a kan kujerar, ya ce Kaɗo, kawo wa ubangidanka goro. Bai ƙara tayar da maganar da ya yi a ƙarshen filin ba ko sau ɗaya. Wataƙila fulako ne irin nasu. Ni ma ban taɓa tambayarsa ko da gaske yake a ranar ba. Ina tsoron ya yi dariya.